Wai waye Goloba ne, kuma da gaske shi ya 'yanta Hausawan Legas?

Ɗan Obalende:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin tarihi ku taimaka min da wani abu da ya tsaya min a wuya tun satin da ya wuce. Ni haifaffen Obalende ne, babana ma nan aka haifeshi, kakana ma haka, in ka tambayeni garinmu a Arewa wallahi sai dai in ce maka wajen Zazzau, domin iyakar abinda aka gaya mana kenan. Tun muna yara kakarmu ta wajen uba, Allah ya jiƙanta, in ranta ya yi daɗi sai ta ce mu jikokin sojan Goloba ne, ba baƙi bane mu a Ikko, kafin a yi gadar Carter muna nan. Tana da wata tsohuwar adakar ƙarfe a ƙarƙashin gado, a ciki akwai wata jar dara da asu ya cinye rabinta, da kan ɗamara na tagulla duk ya yi kore, bata yarda kowa ya taɓa, sai da sallah take fito dasu ta goge da toka da lemon tsami ta mayar. Yanzu adakar tana hannuna.

To ranar juma'a bayan la'asar muna zaune a majalisa wajen mai shayi ana hirar 'yan ƙasa da baƙi a Legas, sai na kawo wannan maganar, ina alfahari dai irin na wanda yake da tushe a gari. Wani bawan Allah da bai fi shekara biyar da zuwa ba ya dubeni a gaban mutane yace to ai ka faɗa da bakinka, kakanka bawa ne, daga baya kuma ya zama karen farautar Nasara. Aka yi shiru. Ban iya ce masa komai ba saboda gaskiya ban san komai a kan mutumin ba banda sunan, kuma ɗana mai shekara 12 yana tsaye a wurin ya zo karɓar kuɗin burodi, ya ji komai. Da daddare ya tambayeni Baba menene bawa, mu bayi ne?

Shine nake tambaya, waye wannan Goloba ɗin, me ya yi a Legas, me ya haɗashi da Hausawa? Alheri ya yi mana ko amfani kawai ya yi damu? Ina so in san abinda zan gaya wa yaron nan ba tare da na yi masa ƙarya ba.

Malamin Makaranta, Agege:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko kayi haƙuri da maganar mutumin nan, bai kyauta ba ko kaɗan balle a gaban yaro.

Goloba da kakarka take faɗa shine John Hawley Glover, Yarbawa ne suka lanƙwasa sunan ya koma Goloba. Baturen Ingila ne, an haifeshi 1829, ya shiga sojan ruwa tun yana ɗan yaro. Abinda ya kawoshi ƙasar nan shine tafiyar Dakta Baikie a kogin Kwara a 1857, a wani jirgin ruwa mai suna Dayspring, har Samuel Ajayi Crowther yana ciki. Jirgin ya daki dutse a kusa da Jabba ya lalace, suka maƙale a can sama da shekara. A wannan zaman ne Glover ya riƙa ratsa ƙasar Yarbawa ta ƙasa tsakanin Kwara da Legas, kuma a nan ya fara haɗuwa da mutanenmu da suke cikin bauta a garuruwan Yarbawa, wasunsu suka gudu suka bishi.

Zaka ce ya aka yi Bahaushe ya zama bawa a nan. Ka tuna lokacin ƙasar duk a hargitse take, yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 a ƙasar Hausa, sannan rushewar daular Oyo, kullum ana kamen mutane ana gangarowa dasu ta Nufe da Ilori ana sayarwa. Wasu an tsallaka dasu teku, har a Bahia ta Birazil musulmi bayi sun yi tawaye a 1835, wasu daga cikin waɗanda suka dawo daga can su ne Aguda na cikin Ikko. Wasu kuma aka barsu a nan suna kiwon dawakai, suna aski, suna tufka igiya, suna noma. Mutum yana iya zama ɗan malami ko ɗan sarki a garinsu, hari ɗaya a hanyar kasuwa ya wayi gari a hannun wani. Saboda haka kalmar bawa ba asali bace, ƙaddara ce ta faɗa wa mutum.

Ita Legas, Turawa sun yi mata ruwan wuta a 1851 suka kori Oba Kosoko suka mayar da Akitoye kan sarauta, sannan ranar 6 ga Agusta 1861 suka sa Oba Dosunmu ya sa hannu ya miƙa garin, aka yanka masa fansho buhu 1,200 na wuri a shekara. Glover ya riƙe mulkin garin a 1863, ya sake riƙewa daga 1866 har 1872. Matsalarsa ta farko bashi da sojoji, na ƙasarsu zazzaɓi yana kashesu, gwamnatin Landan kuma bata son kashe kuɗi, su kuma mutanen gari bai yarda dasu ba don suna da sarkinsu da danginsu. Sai ya juya ga waɗannan bayin da suka gudo, waɗanda basu da kowa a garin sai shi. Ya fara da 'yan tsiraru a 1863, rundunar sojan Najeriya da kanta tana cewa da mutum 18 aka fara kuma daga nan take ƙirga tarihinta. Su ake kira Hausawan Glover. Amma fa ba duka Hausawa bane zalla, akwai Nufawa da Barebari da sauransu, duk musulmin da ya fito daga sama yana jin Hausa to Bahaushe ne a wurin Bature.

Abinda yasa tsofaffi suke ambatonsa da alheri, duk bawan da ya samu ya iso ya sa kaki to ubangidansa ba zai iya zuwa ya kamashi ba, ga albashi, ga wurin zama, ga damar yin aure ya haifi 'ya'ya 'yantattu. Kuma bai takura musu a addini ba, musulmin Legas gaba ɗaya sun ji daɗin zamaninsa. Banda wannan ya yi aikin gari sosai, ya buɗe tituna masu faɗi saboda gobara da take cinye unguwanni lokacin duk jinka ce, ya sa fitilun titi, ya riƙa bada takardun mallakar fili. Da aka kori mishan daga Abeokuta a 1867, Egbawa kiristoci da suka gudo shi ya yanka musu fili a Ebute Metta, in ka lura har yau titunan wajen a miƙe suke sun gitta juna kamar gidajen dara, ba irin na cikin Isale Eko ba, akwai ma titi da sunansa a can, akwai wani a Ikoyi, ga kuma zauren Glover Memorial Hall a Custom Street kusa da Marina.

Bayan ya bar Legas an sake nemoshi a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, ya ja Hausawansa ta wajen kogin Volta suka shiga Kumasi, babban birnin Asante, 'yan kwanaki bayan Wolseley, babban kwamandan Turawa a yaƙin, ya ƙona garin. Daga baya aka kaishi gwamna Newfoundland, can yankin da yake cikin Kanada yanzu, da wasu tsibirai a Karebiyan, ya mutu a Landan 1885. Jar darar da kan ɗamarar nan ka riƙesu da kyau, kada ka bari kowa ya ce zai saya.

Bagobiri, Mile 12:

Malam na gode da bayani amma gaskiya ka sassauta masa da yawa. Ruwa baya tsami banza. Kai da bakinka kace abinda yasa ya zaɓesu don basu da kowa ne, to wannan ai ba tausayi bane lissafi ne. Yana neman mutanen da in yace su harbi ɗan gari zasu harba ba tare da sun tuna ɗan gwaggonsu bane. Shekara biyu kacal da kafasu, 1865, ya kwashesu zuwa Ikorodu aka buɗe wa Egbawa wuta. Su Kumasi me mutanen Asante suka yi wa Bahaushe? Ai mu da su ciniki ne tsakaninmu shekaru aru-aru, fatakenmu suna zuwa Gwanja sayen goronsu. A 1892 kuma da Gwamna Carter ya tashi fasa Ijebu, wa aka sa a gaba? 'yan sandan Hausa ɗin nan dai.

Kuma abin bai tsaya a Kudu ba, nan ne ni yake min ciwo. Dabarar da Glover ya fara ita kamfanin Neja ya ɗauka, ita Lugga ya ɗauka da ya kafa rundunar WAFF, wato sojan mulkin mallaka na Afirka ta Yamma. Bida da Ilori 1897, Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, Burmi a Yuli inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru da jama'arsa, sai Satiru 1906 da aka share garin gaba ɗaya. Turawan da suke cikin waɗannan yaƙoƙin 'yan kaɗan ne, hafsoshi kawai, masu riƙe da bindigogin da Hausa suke magana. Ni kakannina suna cikin waɗanda suka bi Attahiru gabas, wasu basu dawo ba, akwai danginmu a Sudan da har yau bamu san fuskarsu ba.

Sannan in da gaske 'yanta bayi ne ya dameshi me yasa bauta ta ci gaba a gidajen attajiran Legas a ƙarƙashin tutar Ingila shekara da shekaru? Ƙato mai ƙarfi da zai iya ɗaukar bindiga shi ake wa maraba, matan da suke daka a bayan gida fa, da tsofaffi, wa ya tambayesu?

Ɗan Obalende ba da kai nake ba wallahi, kuma wanda ya zageka a majalisa bai yi daidai ba. Amma kar a ce min Bature ya tsallako teku don yana son Bahaushe.

Maman Hanifa, Idi-Araba:

Salam. Ni ma'aikaciyar jinya ce ba masaniyar tarihi ba, amma bari in sa baki kaɗan. Yaya Bagobiri duk abinda ka lissafa ya faru, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Burmi. Sai dai akwai tambayar da baka yi ba, wa ya sayar da kakan wannan bawan Allah tun farko? Ba Bature bane ya shiga ƙauyensu da dare. In ɓera da sata daddawa ma da wari. Mutumin da aka ɗaure aka bi dashi kasuwa-kasuwa aka duba haƙoransa kamar doki, in ya samu ƙofar fita ko wa ya buɗe ta zai bi, kuma ni bazan iya zama a ɗakina da fanka in yanke masa hukunci ba. Ko a Arewa sai 1901 aka yi shelar cewa yaran da za a haifa daga lokacin 'ya'ya ne, kuma bautar bata ƙare a doka gaba ɗaya ba sai 1936, lokacin kakannin da yawa daga cikinmu suna raye da wayonsu. Mu ne bamu son maganar, shi yasa har yau in za a yi aure ake raɗa ana binciken asali.

Tunda ana maganar gwamnonin Legas, ni wanda aka koya mana a makarantar jinya shine William MacGregor, wanda ya yi gwamna daga 1899 zuwa 1904. Shi likita ne ɗan Sikotland, ɗan talakawa, ya yi aiki a Fiji da New Guinea kafin a kawoshi nan. Ya zo daidai lokacin da Ronald Ross ya gano sauro ne yake yaɗa zazzaɓin cizon sauro, har Ross ɗin ya zo Legas wurinsa a 1901. Ya sa aka riƙa cike fadamu, aka haƙa magudanar ruwan nan da ta raba Ikoyi da tsibirin Legas, wadda take nan gefen Obalende ɗinku, aka riƙa raba kwinin, aka sa koyar da tsafta a makarantu, ya kuma jawo matan gari cikin aikin saboda yawan mutuwar jarirai. Abinda yafi burgeni, lokacin ra'ayin manyansu shine a ware wa Turawa unguwa nesa da baƙar fata don kar sauro ya ɗebo cuta daga yaranmu ya kai musu, shi kuma ya ƙi, ra'ayinsa a gyara garin gaba ɗaya kowa ya tsira. Bayan tafiyarsa aka koma wa wariyar, Ikoyi ta zama tasu.

Jiya jiyan nan na kwana a kan wata yarinya 'yar shekara uku da zazzaɓi ya sa ta jijjiga, daga wani lungu aka kawota inda kwata ta toshe ruwa ya kwanta kore shar har bakin ƙofa, uwar tana riƙe da ledar magani da ta saya a kemis tana kuka. Alhamdulillahi da asuba jikin ya sauka. Shekara sama da 120 kenan da sanin maganin wannan abin. Ku yi haƙuri na kauce daga tambayar.

Malamin Makaranta, Agege:

Hajiya baki kauce ba, Allah ya bai wa yarinyar lafiya. Bagobiri ban musa maka ko ɗaya ba, kuma zan ƙara maka ma, Glover mutum ne mai son faɗaɗa mulki da ƙarfin tsiya, ya matsa wa Dosunmu, ya yi ta toshe hanyoyin ciniki don ya durƙusar da Egba da Ijebu, har 'yan kasuwar Legas suka riƙa kai ƙararsa, wanda ya zo a samansa a 1872 wato Pope Hennessy ya warware yawancin manufofinsa. Amma ka lura da wani abu, cikin manyan dalilan da suka sa Egba da Ijebu suka tsaneshi akwai maganar bayinsu da suke gudu Legas ba a dawo musu dasu. Wato su bayin da kansu sun gane akwai mafaka, labari yana zagawa a gonaki, mutum ya faki ido ya bi daji da rafi da ƙafarsa. Ba zuwa aka yi aka kwance musu mari ba. Shi yasa ni in aka ce Goloba ya 'yanta Hausawa nake cewa a gyara maganar, su suka gudo, shi ya buɗe ƙofa saboda yana da buƙatarsu, kowa ya samu abinda yake nema, sai dai farashin ya faɗa kan wasu mutanen daban daga Ikorodu har Burmi.

Ɗan Obalende in kana son bin diddigi, tsofaffin takardun mulkin Legas suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da take cikin jami'ar Ibadan, amma kafin nan ka fara da tsofaffin gidanku, in akwai wanda ya rage ka je da waya ka naɗi muryarsa.

Bagobiri, Mile 12:

Maman Hanifa maganarki ta shigeni, na yi shiru na daɗe kafin in rubuto. A gidan kakana ma akwai wata tsohuwa da muke kira Iya, sai da na girma na gane ba 'yar uwarmu bace, kuma ban taɓa tambayar daga ina aka kawo uwarta ba. Ban janye abinda nace a kan Turawa ba. Amma ɗan'uwa ka gaida min yaron.

Ɗan Obalende:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, na karanta komai har sau biyu. Daren jiya bayan isha na fito da adakar na kira yaron muka zauna a tabarma, na ce masa eh, kakan kakanka an kamashi an sayar, ba laifinsa bane, ya gudu da ƙafarsa ya iso garin nan ya shiga aikin soja a hannun wani Bature, a cikin aikin akwai inda aka turasu suka zalunci mutanen da basu yi musu komai ba, wannan ma gaskiya ne kuma muna roƙa masa gafara. Ya ɗauki jar darar yana juyawa, ya sa yatsa a ramin da asu ya ci, sai yace to Baba menene sunansa. Nan na rasa amsa, kakarmu Baba Soja kawai take ce masa.

Yau da safe kafin in buɗe shago na kira gwaggona da take aure a Shagamu, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, ta haura 80 amma hankalinta garau. Tace sunan dai ya kwanta mata amma zata tuna in an bata lokaci, abinda take riƙe dashi shine uwarta ta gaya mata yana da tsaga a fuska, dogaye guda uku a kowane kunci da wata 'yar gajeriya a gefen hanci ta hagu, kuma wai har ya mutu in zai yi rantsuwa da sunan wani dutse na garinsu yake haɗawa. Ranar lahadi in Allah ya kaimu zan shiga mota ni da yaron mu je mu naɗi muryarta kamar yadda Malam yace.

Kafin nan dan Allah in akwai wanzami a nan, ko wanda mahaifinsa wanzami ne da ya san askar garuruwan wajen Zazzau, a duba min wannan tsagar ta wane gari ce.